Ɗaga Ƙarfe: Ƙarfi Ɗan Yau da Gobe Ne

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraren sautin ba, da kuma masu cewa sun fi gane abu idan sun karanta.

Tun ranar da na ɗora hoton nan da aka ɗauke ni ina ɗaga ƙarfe, saƙonni ke ta shigowa. Kusan duk tambayar ɗaya ce, kowa dai da yadda ya jero tashi. Wani ya ce, “Yaya, me zan yi in tara ƙwanji kafin Sallah?” Wani ya ce bikinshi saura wata biyu, yana so kaftani ya zauna mashi. Wani kuma bai ɓoye ba, kai tsaye ya tambaye ni sunan allurar da nake yi. Wannan ta ƙarshen ita ta sa na ce a'a, maganar nan ta wuce amsa a akwatin saƙo, sai mun zauna a kanta.

Bari in fara da labarin kaina, don kada wani ya ɗauka daga sama nake magana.

Ina da shekara 19 na fara. Lokacin na gama sakandare, ina jiran jami'a, ba aikin fari ba na baƙi. A nan Ƙofar Marusa akwai wani kango da samarin unguwa ke haɗuwa bayan sallar Asuba. Kayan aikin duk haɗin gida ne: kankare da aka zuba a gwangwanin fenti aka soka bututun ƙarfe a tsakiya, tsofaffin ƙarafan mota da aka samo wurin makanikai, sai benci na katako da ƙafarshi ɗaya ke rawa. Na shiga da zafina. Kwana shida a mako nake zuwa, kuma ƙirji da damtse kaɗai nake yi, don su ake gani cikin riga. Duk nauyin da na ga wani ya ɗaga, sai na ce ni ma sai na ɗaga. A mako na biyar kafaɗata ta dama ta amsa. Wata biyu ko tufafi zan sa sai na cije baki. Na daina zuwa.

Sau ukku ina yin haka cikin shekarun da na yi a jami'a. In dawo hutu, in ga abokai sun cika, zuciya ta ɗebe ni, in yi wata ɗaya kamar zan kashe kaina, in ji ciwo ko in gaji, in watsar.

To a wurin nan akwai wani tela da ya girme mu da kusan shekara goma. Sau ukku kawai yake zuwa a mako, Litinin da Laraba da Asabar. Yana da wani ɗan littafi da biro, duk abin da ya ɗaga sai ya rubuta. Nauyin da yake ɗagawa lokacin bai kai namu ba, har dariya muke mashi, muna ce mashi mai littafi. Da na dawo daga bautar ƙasa na leƙa kangon, sai na iske mutumin nan yana ɗago wani nauyi daga ƙasa wanda ni ko motsa shi ban iya ba. Cikin waɗanda muka fara tare, shi kaɗai ya rage. Na ce mashi, “Yaya, don Allah mene ne sirrin?” Ya yi dariya ya miƙo mani littafin, wanda a lokacin ya zama na huɗu. Ya ce shi bai taɓa ɗaukar abin da ya fi ƙarfinshi ba, kuma bai taɓa yin wata guda cur bai zo ba. Shi ke nan sirrin. Tun daga ranar na sayi nawa littafin, yau shekara huɗu ke nan ban watsar ba.

Abin da telan nan ya gano da kanshi, tsohon ilimi ne. Girkawa suna da labarin wani ɗan kokawa mai suna Milo, wanda ya rayu wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Suka ce ɗan maraƙi ya samu, kullum sai ya saɓa shi a kafaɗa ya zagaya da shi. Maraƙi na girma kaɗan-kaɗan, shi kuma bai fasa ɗauka ba, har ranar da aka wayi gari bijimi ne a kafaɗarshi. Labari ne irin na kunne ya girmi kaka, amma likitoci sun zo sun tabbatar da hikimar da ke ciki. A 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, wanda shi ma ɗan ɗaga ƙarfe ne, ya wallafa yadda yake farfaɗo da sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. Yana ba su nauyin da za su iya ɗagawa sau goma, idan ya yi masu sauƙi sai ya ƙara. A 1948 shi da abokin aikinshi Arthur Watkins suka daidaita tsarin ya koma zagaye ukku, kowane zagaye ɗagi goma. Wannan “ukku sau goma” da kuke ji a kowane jim, daga asibiti ya fito, an yi shi ne don marasa lafiya.

Ƙa'idar ke nan: ka ba jiki aikin da ya ɗan fi wanda ya saba, ka bar shi ya huta ya gyara kanshi, sannan ka ƙara kaɗan. Idan ba ka ƙarawa, jiki ba shi da dalilin canzawa. Idan ka ƙara da yawa lokaci guda, abin da ya samu kafaɗata zai same ka.

Me ya sa abin ke buƙatar lokaci haka? Saboda sassan jiki ba tare suke amsawa ba.

A makonnin farko, kamar huɗu zuwa takwas, za ka ga ƙarfinka na ƙaruwa da sauri, amma madubi bai nuna maka komai ba. Yawancin wannan ƙarin daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo yake. Jikinka na koyon yadda zai tada zaren tsoka da yawa lokaci guda, da yadda gaɓoɓi za su yi aiki tare. Kamar mai koyon tuƙin babur ne, babur ɗin bai canza ba, hannu ne ya faɗa. A daidai nan mutane da yawa ke karaya, su ce wata guda suna wahala ba su ga komai ba, alhali aikin na tafiya a inda ido bai kai.

Bayan nan tsoka ke fara kauri yadda za a lura, galibi daga wata na biyu zuwa na ukku. Kuma ku riƙe wannan: ba lokacin da kake ɗagawa tsoka ke ginuwa ba. Ɗagawar saƙo ce kawai ka aika. Ginin na faruwa cikin kwana ɗaya zuwa biyu da ke biye, lokacin da kake ci kana barci. Wanda ke dukan ƙirji kullum ba hutu kamar magini ne da ke ɗora bulo bisa wanda simintinshi bai bushe ba.

Sai na ƙarshe, masu nawa: jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da shi kanshi ƙashin. Waɗannan jijiyoyi jini bai kai masu sosai kamar tsoka, don haka watanni suke ɗauka kafin su yi ƙwari. Ƙashi ma yana ƙara ƙwari idan ana ɗora mashi nauyi, wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana haka tun 1892, amma shi lissafinshi na watanni da shekaru ne. Ka ga inda matsalar take? Tsokarka na iya kai matsayin ɗaga kilo 60 alhali jijiyar kafaɗarka ba ta shirya ba. Yawancin ciwon gwiwar hannu da kafaɗa da ke korar samari daga ƙarfe daga wannan tazarar yake fitowa.

Yanzu mu yi ɗan lissafi. Wanda ya yi kwana shida a mako na tsawon mako shida ya watsar, ya yi atisaye 36. Wanda ke zuwa sau ukku a mako shekara guda, ya yi 156. A ce rashin lafiya da tafiya da biki sun cinye mashi 30, har yanzu yana da 126. Haka batun ƙarin nauyi. A watannin farko sabon shiga na iya ƙara kilo biyu ko biyu da rabi duk mako a manyan ɗagi. Wannan garaɓasar ba ta ɗorewa, don da tana ɗorewa da kowa ya ƙara kilo 130 a shekara. Sannu a hankali za ta koma ƙarin wata-wata. Amma ko kilo ɗaya kake ƙarawa a wata, shekara biyar kilo 60 ne bisa abin da ka fara da shi. Sannu ba ta hana zuwa.

To me mutum zai riƙa yi a wurin? Ba sai ka haddace atisaye talatin na TikTok ba. Motsi biyar sun ishe ka shekarunka na farko.

Na ɗaya, tsugunno da nauyi ka miƙe, wanda ake ce ma sukwat. Shi ke gina cinya da ƙugu.

Na biyu, ɗago nauyi daga ƙasa har ka miƙe tsaye, bayanka a miƙe, nauyin na bin jikin ƙafarka.

Na ukku, turawa gaba: ko kwance bisa benci, ko firesof a ƙasa.

Na huɗu, tura nauyi sama da kai kana tsaye.

Na biyar, jawowa: ka rataya a ƙarfe ka ja jikinka sama, ko ka duƙa ka jawo nauyi zuwa cikinka.

Ka zaɓi ukku ko huɗu a kowace rana, zagaye ukku, kowane zagaye ɗagi biyar zuwa goma sha biyu, ka huta minti biyu ko ukku a tsakani. Kwana ukku a mako, da ranar hutu a tsakaninsu. Ka fara da minti biyar zuwa goma na ɗumama jiki da nauyi mara yawa. Ka riƙa tsayawa alhali kana jin da sauran ɗagi ɗaya ko biyu a jikinka. Ranar da ka cika adadin da ka ɗiba a duk zagayen ba tare da ka karkace ba, zuwa na gaba sai ka ƙara kaɗan. Kuma ka rubuta. Ƙwaƙwalwa na yi ma mutum ƙarya, ta ce mashi ba ya ci gaba, ko ta ce mashi ya fi haka. Littafi bai yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce kowane baligi ya samu aƙalla kwana biyu a mako yana aikin ƙarfafa tsoka, ban da minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici irin su tafiya da sauri. Kowane baligi ta ce, ba 'yan wasa kaɗai ba.

Wani zai ce ba shi da kuɗin jim. Ni ma ban fara a jim ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 25 idan ta cika kilo 25 ce, kuma kana iya ƙara nauyinta kofi-kofi, abin da ko ƙarfen kanti bai ba ka. Buhun siminti kilo 50 ne, wanda aka juye sai ka zuba yashi daidai ƙarfinka ka ɗaure. In za ku zuba kankare, ku auna bisa sikeli, ɓangarorin biyu su zo daidai, ku rubuta nauyin a jiki da fenti, ku yi ƙanana na kilo ɗaya da biyu don ƙari. Matsalar kangonmu ke nan a da: daga kilo 30 sai 50, ba tsakiya, dole mutum ya yi tsalle. Abu ɗaya da ba na sassauci a kai: kada ka kwanta bisa benci da nauyi a saman wuyanka ba wanda ke tsaye kanka.

Akwai tambayar da ake yawan yi mani: 'yan dako da 'yan ga-ruwa fa? Ai sun fi mu ɗaukar kaya, me ya sa da yawansu ke ƙarewa da ciwon baya? Gaskiya suna da ƙarfi, duk wanda ya ga ana sauke buhuna a babbar kasuwa ya san haka, kuma yau da gobe ce ta ba su. Bambancin shi ne ɗan dako ba shi ke zaɓar nauyin ba, ba shi ke zaɓar ranar hutu ba, kuma sau da yawa abin da ya ci bai kai abin da ya ƙona ba. Kai da ke atisaye kana da wannan zaɓin. Kada ka mayar da kanka ɗan dakon da ba a biya.

Mu zo kan abinci, don nan ne ake tsorata talaka. Tsoka na buƙatar furotin. Masu bincike sun nuna cewa kusan giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin jikinka a rana ya wadatar ga mai ɗaga ƙarfe. In nauyinka kilo 60 ne, wajen giram 96 ke nan. Ƙwai ɗaya na da kamar giram 6. Busasshen wake kusan kashi ɗaya bisa huɗu nashi furotin ne, gyaɗa ma haka, waken suya kuwa ya haura kashi ɗaya bisa ukku. Ma'ana awara, ƙosai, alala, ɗanwake, garau-garau mai wake da yawa, ƙuli-ƙuli a cikin kwaɗo, fura da nono, busasshen kifi a miya, duk kayan gini ne. Garin furotin na gwangwani da kuke gani a hannun 'yan intanet, yawancinshi daga madara ake tace shi. Sauƙi yake kawowa, ba wani siddabaru ba. In ba ka kai adadin nan ba kullum, kada ka fasa atisaye, za ka ci gaba, sai dai a hankali. Tuwo da shinkafa da dankali su ne man da injin ke sha, kada wani ya ce ka bar su. Sannan barci, awa bakwai zuwa tara. Wanda ke kwana yana latsa waya har ƙarfe biyu ya tashi Asuba ya nufi ƙarfe, rabin wahalarshi a banza take tafiya.

Yanzu ga maganar da ta sa na yi shirin nan, maganar gajeriyar hanya.

Mu Katsinawa muna da labarin Korau da Sanau. Masu ba da tarihi sun ce Sanau, sarki na ƙarshe a gidan Durɓawa, ba a kada shi a kokawa saboda wata laya da yake ɗaurawa. Ranar da aka haɗa baki da matarshi aka raba shi da ita, Korau ya kai shi ƙasa, sarauta ta bar gidan. Duk lokacin da na ga yaro na neman ƙarfi a kwalba, labarin nan nake tunawa. Ƙarfin da za a iya kwance maka a dare ɗaya, aro ne.

Kayan da ke yawo a hannun samari iri ukku ne. Akwai ƙwayoyin ƙiba da ake ce ma sha-ka-fashe, waɗanda galibi akwai dexamethasone a ciki. Wannan magani ne na gaske da likita ke rubutawa don wasu cututtuka, amma in aka daɗe ana sha yana kumbura fuska da ciki, ya tara ruwa, ya tada suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Abin takaicin ma, tsoka yake zaizayewa. Kana ganin ka cika, alhali ƙarfinka raguwa yake. Akwai allurai da ƙwayoyin sitiroyid masu kwaikwayon sinadarin maza. Su suna gina tsoka, ba zan yi maku ƙarya ba. Amma da jiki ya ga sinadarin na shigowa daga waje, sai ya rage yin nashi, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu har ya iya taɓa haihuwa, wasu nono ya fito masu, hanta da zuciya su wahala. Kuma tsoka na gaba jijiya na baya, sai a ji abu ya tsinke. Na ukku tiramol, wanda wasu ke sha don kada su ji gajiya. Ciwo ƙararrawa ce da jiki ke kaɗa maka. Ka kashe ƙararrawar ka ci gaba da ɗagawa, ga kuma kamu da farfaɗiya da ƙwayar ke jawowa. Ni da idona na ga wani ƙanen abokina ya sayo irin waɗannan a wani shagon magani ba takardar likita. Wata ukku ana yaba mashi, wata na shida muna zaryar asibiti da shi.

Ku duba abin da ya faru a gasar Olamfik ta Beijin a 2008. 'Yar Najeriya Mariam Usman ta zo ta biyar a ajin mata masu nauyi, ta dawo gida ba lamba. Shekara takwas bayan nan aka sake gwada samfurin da aka aje na 'yan wasa, aka kama biyu daga cikin waɗanda suka sha gabanta da haramtattun ƙwayoyi, aka ƙwace lambobinsu, tagulla ta dawo hannunta. Kafin ita, Ruth Ogbeifo ta ciyo mana azurfa a Sidni a 2000. A ɓangaren masu buƙata ta musamman kuwa, Lucy Ejike, wadda shan inna ya kama tun tana ƙarama, ta fara zuwa gasar Paralimfik a 2000, ta ci zinare a 2004 da 2008 da 2016. Ku lissafa shekarun da ke tsakani. A Faris a 2024 Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167 tana kwance bisa benci, ta kafa tarihin duniya. Buhun siminti ukku ke nan da ɗoriya. Ba wadda ta kai nan cikin shirin Sallah.

To idan abu ya gitta fa? Dole zai gitta. Azumi zai zo, zazzaɓi zai zo, jarabawa za ta zo. A watan azumi ni nakan rage zuwa kwana biyu, bayan an sha ruwa ko bayan Tarawi, in rage yawan zagaye amma in bar nauyin kusa da yadda yake. Burin watan shi ne riƙe abin da ke hannu. Lokacin zafin Afrilu da Mayu, da rana ke haura digiri 40 a garin nan, sai da sassafe ko da dare, da ruwa a kusa. Da hunturu kuma a tsawaita ɗumama jiki. In ka yi mako biyu ba ka zo ba, kusan ba abin da ka rasa. In ka yi watanni, za ka ragu, amma dawowa ta fi farawa sauri nesa ba kusa ba, don jiki na riƙe da abin da ya taɓa koya. Sharaɗin kawai kada ka dawo ka ce daga inda ka tsaya za ka ɗora. Ka koma baya, ka hau a hankali.

Ga alamomin da ba a jayayya da su. Tsamin jiki na kwana biyu bayan atisaye ba komai ba ne. Amma zafi mai suka a gaɓa, ko ciwon ƙirji, ko jiri, ko kumburi a mara ko matsematsi, ka aje ƙarfen ka ga likita. In bayan atisaye mai tsanani fitsarinka ya koma kalar baƙin shayi, ga tsoka ta kumbura tana azaba, a ranar za ka tafi asibiti, don ƙoda ce ke cikin haɗari. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai sikila, mai juna biyu, su fara da shawarar likita.

'Yan uwa mata, maganar nan har da ku. Tsoron da ake ba ku cewa za ku koma kamar maza ba shi da tushe, don sinadarin da ke kawo irin wannan tsokar kaɗan ne a jikin mace. Abin da za ki samu shi ne ƙarfin baya da ƙwarin ƙashi, kuma mata su suka fi fuskantar raunin ƙashi bayan al'ada ta ɗauke. A tsakar gida da jarka biyu za ki iya farawa. Iyayenmu ma haka. Daga shekara 30 tsokar mutum kan fara raguwa da kusan kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma in ba a motsa ta. Shi ya sa za ka ga dattijo lafiyarshi lau amma tashi daga tabarma ya zama aiki. A 1990 wata likita a Boston, Maria Fiatarone, ta sa tsofaffi goma masu shekara 86 zuwa 96 atisayen ƙafa da nauyi na mako takwas. Ƙarfin ƙafar waɗanda suka kammala ya ninka fiye da sau biyu. In ɗan shekara 90 bai makara ba, kai ɗan 25 me za ka ce? Batun cewa ƙarfe na hana yaro tsawo kuwa, bincike bai nuna haka ba, matuƙar nauyin daidai shi ne kuma akwai babba a kanshi.

Abu na ƙarshe. Na san dalilin da ya sa wasu iyaye a garin nan ba su son ganin ɗansu wurin ƙarfe. Suna tsoron ya zama ƙauraye, ko ɗan siyasa ya ɗauke shi haya lokacin zaɓe ya riƙa tare mashi hanya. Tsoron nasu da dalili, mun ga waɗanda aka yi amfani da ƙwanjinsu aka watsar. Mu masu yin abin mu za mu wanke shi. A kangonmu yanzu doka ce: ba ƙwaya, ba makami, ba zagi, kuma wanda ya yi faɗa a waje ya huta mana. Ni abin da na lura, yaron da ya iya tashi sau ukku a mako shekara biyu yana rubuta abin da ya yi, wannan halin na bin shi har wurin karatu da sana'a. Ranar da na fi jin amfanin ƙarfen nan ba ranar hoto ba ce. Ranar da mahaifina ya kwanta ciwo ce, na ɗauke shi ni kaɗai daga ɗaki zuwa mota, bayana bai ce komai ba.

Don haka ƙanena mai shirin Sallah, ga amsarka. Wannan Sallar ba za ka ga abin da kake so ba, sai dai ka ji daɗin jikinka. Ta baɗi mutane za su fara tambayarka. Ta shekara ta ukku kai za ka riƙa koya ma wasu. Aikin wannan makon: ka sayi ɗan littafi, ka zaɓi kwana ukku, ka zaɓi nauyin da kake jin ya yi maka sauƙi har kana jin kunya, ka rubuta kwanan wata a shafin farko. Bayan wata ukku ka turo mani hoton littafin, ba na damtsen ba.

Wanda ke da tambaya ya aje ta a ƙasa, za mu ɗauki wasu a shiri na gaba. Ku tura ma abokin nan naku da ke shirin sayen allura. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.